Daren da Muka Kalli Psycho: Yadda Ra'ayin 'Yan Kallo Ya Kusa Raba Wata Majalisa

Yadda majalisar take

Majalisar ba ta da suna. Wani malamin sakandare ne ya fara ta a wani shago da ake koyar da kwamfuta da rana, da daddare kuma a ture tebura gefe, a kafa majigi, a haska bango. Duk Asabar bayan sallar isha'i ake haɗuwa, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa na man janareta. Tsofaffin fina-finai kawai ake kallo, yawanci na baƙi da fari. Mu 14 ne masu zuwa a kai a kai: malamai, ɗaliban jami'a, wani mai gyaran waya, da wani tela. Ba kowa ke jin Turanci sosai ba, don haka in an zo wurin magana mai nauyi Malam kan tsayar da fim ya fassara.

Telan nan shi abin ya fi shafa. Yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi kusan shekara takwas yana shan maganin larurar ƙwaƙwalwa. Abin da aka rubuta a katinsa na asibiti shi ne sikizofireniya. Ba ɓoyayyen abu ba ne, telan da bakinsa ya gaya mana tun da daɗewa. Yayan lafiya lau yake zaune, yana taya ƙaninsa guga da saka maɓalli, wata Asabar ɗin kuma ya biyo shi majalisa ya zauna kusa da ƙofa yana shan shayi. Dukanmu Yaya muke ce masa.

Fim ɗin da aka zaɓa

Psycho fim ne na Amurka da Alfred Hitchcock ya ba da umarni, aka fara nuna shi a New York ranar 16 ga Yuni, 1960. Tsawonsa minti 109 ne. An ɗauko labarin daga littafin Robert Bloch na 1959.

Wata sakatariya ce a birnin Phoenix, Marion, ta gudu da dala 40,000 da aka ba ta ta kai banki. Ruwan sama ya tare ta a hanya, ta sauka a wani masauki mai ɗaki 12 da babu baƙo ko ɗaya a ciki. Mai kula da wurin wani saurayi ne mai kunya da in-ina, Norman, wanda ya ce da mahaifiyarsa marar lafiya yake zaune a gidan da ke kan tudu. A daren aka kashe Marion da wuƙa tana wanka, fim bai ma kai rabi ba. Mai kallo zai ɗauka tsohuwar ce. Sai a ƙarshe ake gano tsohuwar ta shekara goma da mutuwa, Norman ne ya kashe ta da guba, ya adana gawar, yana saka rigarta yana magana da muryarta. Bayan an kama shi sai wani likitan ƙwaƙwalwa ya tsaya a ofishin hukuma ya yi jawabi na kusan minti biyar, ya ce mutum biyu ne a cikin Norman, shi da uwar, kuma yanzu uwar ta ci galaba.

Asabar ta farko

Yaya bai zo ba a wannan daren. Telan ya zo.

Da aka zo wurin wankan, kiɗan goge ya tashi da ƙara kamar ana kankare ƙarfe, mai gyaran waya ya miƙe tsaye yana salati, wani kuma ya shure filas ɗin shayi. Daga nan har aka tashi ba wanda ya taɓa wayarsa. Da aka kunna fitila sai gardama ta kaure, muka kai wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi.

Mutum biyar suka ce wannan shafar aljanu ce ƙarara. Matacce ba ya dawowa, amma ƙarinin uwar zai iya shigar ɗan ya yi magana da muryarta, kuma sun ce sun sha jin irin haka a wurin ruƙiyya. Turawan ne dai ba su san abin ba, suka laƙaba masa sunan cuta. Mutum uku suka ce babu aljani babu cuta, mugu ne kawai, ya fake da tsohuwa don kada a rataye shi. Hujjarsu ita ce yadda ya goge jinin banɗakin a natse, ya naɗe gawar a labule, ya tura motar cikin taɓo ya tsaya yana kallo har ta nutse. A cewarsu mahaukaci ba ya share sawu. Mu huɗu, har da ni, muka ce ai likita ya gama magana, cuta ce. Malam alƙali ne, ba ya ɗaukar ɓangare. Telan bai ce komai ba, kuma a lokacin babu wanda ya lura da shirun nasa.

Mako na biyu: inda maganar ta kauce

Ranar Talata wani ɗalibi daga ɓangarenmu ya tura hoton wani shafi na intanet a zauren WhatsApp na majalisar. Shafin ya nuna cewa kalmar sikizofireniya daga Girkanci take, ma'anarta tsagewar hankali. A ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Ashe irin ta Yaya ce." Ba da mugun nufi ya yi ba, gani yake ya gano wani abu. Mutum biyu suka amsa da "Allah Ya kyauta." Telan yana cikin zauren, ya karanta, bai tanka ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya Yaya ya zo. Akwai wata 'yar wuƙa mai baƙar ƙota da muke yanka burodi da ita, kullum a kan benci take kusa da filas. Yaya ya zauna a inda ya saba, wuƙar tana gefensa. Ana cikin gaisawa sai ɗaya daga cikinmu ya miƙa hannu a hankali, ya ɗauke ta, ya zura a aljihun rigarsa. Na gani. Telan ma ya gani. Yaya kuwa kofinsa yake kallo, amma a daren bai nemi burodi ba. An gama fim suka yi sallama suka tafi, kuma mako na uku babu ɗayansu da ya zo. Daga baya muka ji cewa wasu a cikinmu, in ba sa wurin, sun fara kiran Yaya da sunan Norman.

Mako na uku: abubuwa uku da aka gwada ba su yi ba

Da farko Malam ya sake saka jawabin likitan, yana tsayarwa jimla jimla yana fassarawa. Nufinsa a gane cewa larura ce, mai larura kuma abin tausayi ne. Abin da ya biyo baya shi ne mutum biyu daga masu cewa aljani ne suka dawo ɓangaren cuta, tsoron kuma ya ƙaru. Da ana tunanin aljani ne, kowa yana ganin akwai magani, a yi ruƙiyya ya fita. Yanzu kuwa ga mutum sanye da kwat, da muryar masani, yana cewa marar lafiyar ba ya ma sanin ya yi kisa. Mai gyaran waya ya ce to in shi kansa bai sani ba, mu ta yaya za mu sani?

Na biyu, Malam ya rubuta dogon saƙo a zauren, ya haɗa da shafukan Turanci guda uku masu bayanin cewa cutar Yaya daban ce. Kusan ba wanda ya buɗe su. Kafin dare gardamar ta koma wani wuri dabam: wani ya ce masu ɓangaren cuta suna musun samuwar aljanu, aka fara janyo ayoyi, aka manta da Yaya gaba ɗaya. Malam ya rufe zauren na kwana biyu.

Na uku, mu uku muka je shagon telan ba da haƙuri. Ya tarbe mu da fara'a, ya aika aka kawo mana ruwa. Ya ce, "Haba Malam, wallahi ba komai, ɗinki ne ya yi mini yawa." Yaya yana can ciki yana guga, ya gaishe mu daga nesa. Muka fito mun san ba a yi komai ba. Ɗaya daga cikin waɗanda muka je tare, tun kafin mu kai titi, ya ce shi fa har yanzu yana ganin taka tsantsan ba laifi ba ne.

Mako na huɗu: tarihin fim ɗin

Malam ya sauya hanya. A wannan Asabar ba a kalli komai ba, ya zauna ya ba mu labarin yadda aka ƙera tsoron da muka ji.

Kamfanin Paramount bai so aikin ba, Hitchcock ya nemo kuɗin da kansa, ya yi amfani da ma'aikatan shirinsa na talabijin, aka kashe dala 800,000 da 'yan kai. Wurin wankan nan da ya tayar da mu tsaye kusan mako guda aka yi ana ɗaukarsa a watan Disamba na 1959, aka yanyanka shi gutsure-gutsure fiye da 50 aka harhaɗa. Jinin da muka ga yana bin ruwa narkakken cakulan ne, domin a baƙi da fari ya fi fitowa. Kiɗan kuma Bernard Herrmann ne ya tsara shi da kayan tsirkiya zalla, babu ganga babu busa. Malam ya kashe sauti ya saka mana wurin. Ba wanda ya motsa. Ya kunna sauti ya sake sakawa, gabanmu ya sake faɗuwa.

Ya kuma nuna mana cewa rabuwar ra'ayi a kan fim ɗin tsohon abu ne. Hitchcock ya hana a bar kowa ya shiga sinima bayan an fara, ya kuma hana masu sharhi kallo na musamman kafin jama'a, don kada sirrin ya fita. Mutane suka yi ta jan layi a titi, masu sharhi da yawa kuwa suka kushe. Bosley Crowther na jaridar New York Times ya fara da cewa fim ne na araha mai jan ƙafa, amma a ƙarshen shekarar ya saka shi cikin goma mafi kyau. A Ingila C. A. Lejeune ta jaridar Observer ta fice tun kafin a gama, kuma a shekarar ta ajiye aikin sharhi. Andrew Sarris kuwa yabo ya yi masa a Village Voice. An saka fim ɗin takarar Oscar a rukuni huɗu bai ci ko ɗaya ba, sannan a 1992 Amurka ta saka shi cikin rajistar fina-finan da ake adanawa. Shi kansa jawabin likitan da muka riƙe kamar hujja, mai sharhin fina-finai Roger Ebert ya rubuta cewa da zai iya da ya datse kusan dukansa.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne maganar Ed Gein, mutumin da aka kama da laifin kisa da tonon gawarwaki a ƙauyen Plainfield na jihar Wisconsin a watan Nuwamba na 1957, wanda Bloch yake zaune ba nisa da garinsu. Daga labarinsa aka samo tushen, amma Norman mai saka riga yana hira da kansa da murya biyu a masauki, marubuci ne ya gina shi.

Wannan zaman ya yi rabin aiki. Masu cewa aljani ne da masu cewa mugunta ce suka yarda cewa gardama suke yi a kan mutumin da bai taɓa rayuwa ba. Sunan Norman da ake kiran Yaya da shi ya mutu daga ranar. Amma tambayar ɗalibin nan tana nan daram: in kalmar tana nufin tsagewar hankali, me ya raba ta da abin da muka gani?

Mako na shida: zuwan Sista

Matar Malam tana da wata yaya, nas ce da ta yi ritaya bayan ta daɗe tana aiki a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa. Malam ya roƙe ta, ta ce za ta zo in za a tashi da wuri. Aka mayar da zaman bayan la'asar. Malam ya je da kansa ya gaya wa telan, ba tare da ya matsa masa ba. Ya zo, amma a bakin ƙofa ya tsaya.

Aka saka mata minti ashirin na ƙarshe. Da aka gama ta gyara mayafi ta tambayi wanda ya tura hoton. Ɗalibin ya ɗaga hannu. Ta ce, "Ɗana, ba ka yi ƙarya ba, ma'anar kalmar ke nan. Amma wanda ya raɗa sunan ba mutum biyu yake nufi ba."

Haka abin yake. Likitan ƙasar Suwizalan Eugen Bleuler ne ya ƙirƙiro kalmar a 1908, abin da yake nufi kuma shi ne tunani da ji da fahimta su daina tafiya tare a cikin mutum ɗaya. Sista ta faɗe shi da Hausar gida: mutum ya riƙa jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ya gaskata abin da ba haka yake ba, kamar ana binsa ko ana zuba masa wani abu a abinci, maganarsa ta riƙa warwatsewa, ya janye daga mutane, wanka ma ya gagare shi. Shi ɗaya ne, bai koma wani ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 300 ke da ita, wato babu unguwar da za a rasa.

Ita kuwa larurar da mutum ke rarrabuwa, ta ce wata aba ce dabam. A 1980 littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya ware mata suna nata, a 1994 aka sauya sunan, kuma har yau likitoci suna da saɓani a kanta. Yawanci ana danganta ta da azabar da aka gana wa mutum yana ƙarami, mai ita kan rasa tuna wasu sa'o'i na rayuwarsa, kuma in cutarwa ta zo kansa ya fi cutarwa. Ta ce a duk shekarunta na aiki ba ta taɓa haɗuwa da mai kama da Norman ba.

Mai gyaran waya ya tambaye ta kai tsaye ko ba a taɓa kai mata hari ba. Ta ce an taɓa, ba sau ɗaya ba, kuma kusan kullum wanda aka kawo ne a ɗaure, a tsorace, ko wanda ya bar magani, ko wanda ya haɗa da shaye-shaye. Amma waɗanda ta wanke wa ciwon mari a ƙafa da tabon bulala a baya sun ninka waɗannan nesa ba kusa ba. Da aka kawo maganar aljanu ba ta yi musu ba. Ta ce ita Musulma ce, addu'a ba ta hana magani, magani ba ya hana addu'a, abin da take faɗa da shi shi ne a ce wa marar lafiya ya zubar da ƙwayoyinsa. Sai ta ƙara da cewa mai irin wannan larura da ya samu sauƙi, abin da ya fi saurin mayar da shi baya shi ne ya ga mutanensa sun fara jin tsoronsa.

Wanda ya ɗauke wuƙar ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya ambaci wuƙar.

Mako na bakwai: kallo na biyu

Telan ne ya ce a sake saka fim ɗin daga farko. Mun yi mamaki, amma aka saka.

Wanda ya san ƙarshen Psycho wani fim yake kallo dabam. Akwai wurin da Norman ya kawo wa Marion abinci a wani ɗan falo cike da busassun tsuntsaye da ya cusa wa kaya ya rataye a bango. Suna hira, ya ba ta labarin wahalar da yake sha da mahaifiyarsa, sai ta ce me zai hana ya kai ta wani wuri. Fuskarsa ta sauya. Ya matso, ya tambaye ta ko gidan mahaukata take nufi, ko ta taɓa ganin cikinsa, da dariya da kuka da idanun da ke bin mutum. A kallon farko mun ɗauki wurin a matsayin alamar cewa saurayin yana da haɗari.

Telan ya ce a tsayar. Ya ce a duk fim ɗin wannan ne kaɗai wurin da ya san gaskiya ne. Ya ce a shekarar farko ta ciwon Yaya, babu ɗan'uwan da bai zo ya ce a kai shi wani wuri ba, kuma ba wanda ya taɓa faɗin sunan wurin. An kai shi ɗin, wani gida a bayan gari, ya yi wata huɗu, ya dawo da mari a ƙafa. Shi ne ya sayar da kekensa na ɗinki ɗaya ya kai shi asibiti. Bai yi minti uku yana magana ba, ya ce a ci gaba.

Yaya ya dawo majalisa a mako na tara. Mutum ɗaya daga cikin masu cewa mugunta ce ya daina zuwa, ya ce an mayar da wurin kallo ajin darasi. Biyu har yanzu suna kan cewa labarin Norman na aljani ne, sai dai sun daina haɗa shi da kowa.

Abin da na gani a ciki

Laifin da ya fi girma namu ne, mu huɗun da muka ce likita ya gama magana. Masu cewa aljani ne da masu cewa mugu ne a kan Norman suka tsaya. Mu ne muka ɗauko jawabin ɗan wasa da aka saka wa kwat, wanda marubucin fim ya tsara don ya ɗinke wa 'yan kallo labari, muka kai shi ƙofar mutum mai rai. Shi ya sa maimaita jawabin ya ƙara dagula abin, ya ba tsoro takardar shaida. Shafukan intanet ba su yi ba saboda wanda ya tsorata da ido ba ya warkewa da dogon Turanci. Ban haƙurinmu bai yi ba saboda mun je ne muna riƙe da ra'ayinmu, kuma telan ya gane.

Tarihin fim ɗin ya taimaka domin ya nuna mana hannun da ya ƙera tsoron, daga cakulan zuwa goge. Sista ta yi abin da ya rage domin ta fi likitan fim ɗin sanin aikin, ta yi magana da harshenmu, ba ta wulaƙanta ɗalibin ba, ba ta taɓa imanin kowa ba, ba ta kuma ɓoye cewa haɗari na faruwa ba. Da ta ce ba ya faruwa sam, na tabbata mai gyaran waya ba zai yarda da sauran ba.

Har yanzu ina ganin Psycho fim ne na gwani, kuma Anthony Perkins da ya fito a Norman ya sa mutum ya tausaya wa wanda ya kamata ya guda. Zan sake nuna shi ga wasu. Amma zan tsayar kafin likitan ya buɗe baki, in faɗi abin da Sista ta gaya mana, sannan in saki. Kuma kafin in zaɓi fim irin wannan zan fara duba waɗanda ke zaune a ɗakin, abin da babu ɗayanmu da ya yi a Asabar ta farko.

Telan yana zuwa duk mako tare da yayansa. Zauren WhatsApp ɗin kuwa ya fita tun mako na uku, Malam ya mayar da shi sau biyu, ya sake fita.